Malam Aƙilu, Bakaniken da Ya Hana Motar Kwando Fita

Alhaji Maiwada, kai ka kada mani ɗa. Ba iska ba ce ta kada shi, ba kuma gangancinshi ba ne kamar yadda ka sa aka rubuta. Na san ƙaddara tun ba a haife ka ba, ban taɓa ganin ta ɗauki sifana ta kwance ƙarfe ba. Hannun mutum ne ya kwance, bakinka ne ya ce a kwance. Na fara da kai don kada wani ya karanta ya zaci tsohuwa ta huce. Ka dakata nan, zan dawo kanka. Yau ba don kai na sa aka ɗauko biro ba. Don wani mutum ne da ba ka kai ka riƙe mashi akwatin kayan aiki ba.

Sunana Tsohuwa, a Ƙarfi nake zaune, ƙasar Malumfashi. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce. Naja'atu, matar ɗana Ɗanasabe, ita ke rubutawa, na kuma gaya mata duk inda ta sassauta mani magana ban yafe ba.

Ɗanasabe shi kaɗai ne namiji a cikin waɗanda suka rayu mani. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani kamfanin 'yan kwangila masu kafa falwaya da jan wayar wuta. Wajen ajiye motocinsu biyu ne, yadi suke cewa, ɗaya a Funtua ɗaya a Malumfashi, Alhaji Maiwada ne manajan duka biyun. Kowane yadi yana da motar kwando guda. Kun san ta, mai dogon hannu a baya, da kwando a ƙarshen hannun, mutum ya shiga a ɗaga shi har kan falwaya. Ɗana yana hawa ta Malumfashi. Malam Aƙilu kau bakaniken yadin Funtua ne. Rabon da aka yi ke nan, kuma har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi ɗaci.

Malam Aƙilu yana riga kowa isa yadi. Daga masallacin asuba sai kan tsohon babur ɗinshi. Kafin ya cire hula, kafin ya amsa gaisuwar kowa da kyau, sai ya durƙusa ya jawo takardar buhun siminti da ya shimfiɗa ƙarƙashin motar tun jiya da yamma. Yana duba ta kamar mai duba allo. Ɗigon mai ɗaya in ya gani ya san daga inda ya fito. Sannan ya sa a loda buhun yashi biyu a kwandon, a ɗaga hannun har ƙarshe, ya ɗaura zare a gindin kwandon da noti a ƙasan zaren, ya bar yatsa huɗu tsakanin notin da ƙasa. Sai ya kashe inji, ya zauna a benci ya sha koko da ƙosai. In ya shanye kokon notin yana nan inda ya bar shi, a fita aiki. In ya taɓa ƙasa, ranar ba mai hawa, ko wa ke jira.

Ma'aikatan suna tsokanar shi. Zubair, wanda ke hawa kwandon Funtua, shi ya ba ni labari da bakinshi. Ya ce kullum sai ya ce mashi, "Baba Aƙilu, yau ma ana kamun kifi a tudu? An samu tarwaɗa?"

Shi kuma ya ce, "Tarwaɗar tana nan tsaye tana surutu, ba ta ɗaura bel ɗinta ba."

Ummaru mai gadin yadin ya ce mani shekara goma sha tara suna tare, bai taɓa ganin safiyar da aka tsallake zaren nan ba, ko ana ruwa. Ya ce akwai ranar da wani direba ya ɗaure tiyon mai da robar tsohon tub, irin yadda kowa ke yi, wai a yi maleji zuwa yamma. Malam Aƙilu bai yi faɗa ba. Wuƙa ya zaro ya yanke tiyon gida uku a gabanshi, ya miƙa mashi, ya ce, "Gashi, ka kai wa maiɗakinka ta yi ban ruwan alayyahu." Direban ya yi sati ba ya gaishe shi. Irin mutumin da nake magana a kai ke nan. Ba shi da daɗin sha'ani in an zo ga ƙarfe, kuma shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki ba a taɓa kai wa wata uwa mummunan labari daga motar da ke hannunshi ba.

Ni ban ci wannan moriya ba. Matan Funtua ne suka ci. Zan faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye: kishinsu nake, kishi mai tsanani, kuma na yi istigfari ya ƙi fita.

Ga yadda abin ya faru. Bara waccan, ƙarshen bazara, takarda ta zo daga waɗanda suka ƙera motocin, ta hannun dillalinsu. Takardar kiranye ake ce mata, wato maƙeri ya gano ya yi kuskure a kayan da ya sayar, yana cewa a dakata da amfani da su har ya gyara. Hannun motar nan mai ne ke ɗaga shi, haidirolik suke cewa. Akwai wani ƙarfe kamar dunƙulen hannu, bawul, shi ke tare man kada ya koma in an ɗaga mutum, kamar yadda mai noman rani ke toshe bakin fangali ruwa ya tsaya. Takardar ta ce motoci masu lamba kaza zuwa kaza bawul ɗinsu yana da tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, yana iya saki farat ɗaya. A ajiye su, za a aiko da sabo, a mayar masu da tsohon.

Malam Aƙilu ya shiga ƙarƙashin motar Funtua ya kankare datti ya karanta lambarta. Tana ciki. Ba wanda ya aike shi, ya hau babur ya je Malumfashi ya kwanta ƙarƙashin tasu ita ma. Ba ta ciki. Ya ce da Ɗanasabe, "Taku lafiya lau, ɗan nan, ba 'yan shekara ɗaya ba ne." Ɗana ya dawo gida yana ba ni labari muna cin tuwo. Na ce alhamdu lillahi. Har tausayin matan Funtua na ji ranar, na ce Allah ya tsare masu 'ya'yansu. Ni ce na yi masu addu'a.

Ya koma Funtua ya cire batirin motar, ya kwance tayoyin baya ya ɗora ta a kan bulo. Alhaji Maiwada ya fito daga ofis. Ummaru yana tsaye, Zubair yana tsaye, ba ji na yi a kasuwa ba.

"Malam Aƙilu, me kake yi haka? Zarenka ya sauka ne yau?"

"Bai sauka ba, Alhaji."

"To? Kai da kanka ka gwada, ta ci jarrabawa."

"Zarena yoyo yake gani, ba ya ganin cikin ƙarfe. Wanda ya ƙera ta ya ce ya yi kuskure. Ni da ban ƙera ba zan ce mashi ƙarya yake?"

"Waɗannan tsoron kotu ke sa su rubuta takarda. Shekara huɗu muna aiki da ita ba ta kada kowa ba."

"Sai ka shiga kwandon, Alhaji, ni in ɗaga ka."

Alhaji bai shiga ba. Ofis ya koma.

Kowa ya sani a ƙasar nan, mota in ta kwana uku a ajiye ta zama shagon kayan gyara. Wannan ya zo ya ari madubi, wancan ya ari fitila, kafin wata ya kama sai gangar jiki. Ba sata ba ce a wajenmu, taimakon juna ne, garmar shanu ma haka muke mata. Malam Aƙilu ya san halin mutanenshi. Ya bari aka ɗauki madubi, ya bari aka ɗauki tayoyin. Amma bawul ɗin ya samo jan fenti ya shafe shi tas, ya tara ma'aikata ya nuna masu. Ya ce, "Duk abin da ke jikin motar nan ku ara. Wannan mai ja ba na aro ba ne, kashe mutum yake."

Sai ruwan farko ya zo da iska, ya kwantar da falwayoyi a kan hanyarmu ta Ƙarfi. A satin ne kuma bawul ɗin motar Malumfashi ya fara yoyo don tsufa. Yoyo ne kawai, irin wanda ake gani a gyara. Sabo sai an aika nesa, masu ba da kwangila kuma suna ta waya. Alhaji Maiwada ya ce da Malam Aƙilu ya ciro na motar da ke ajiye a sa a ta Malumfashi, na kwana uku kawai. Malam Aƙilu ya ce sai dai a kore shi. Ba a kore shi ba. Ranar Alhamis aka tura shi Dandume, wai motar ɗaukar falwaya ta lalace a can. Yana fita aka kira wani bakaniken bakin titi ya kwance bawul ɗin. Ummaru ya ce da idonshi ya ga an zuba fetur a tsumma ana goge jan fentin, don kada mutanen Malumfashi su gani su yi tambaya. Ya ce ya buɗe baki zai yi magana, aka ce mashi ƙofa aka ɗauke shi ya tsare.

Masu karatu, ku tsaya ku gane abin da ke cin raina. Ɗana yana kan motar da ba ta da laifi. Masifar da aka kawar daga kan 'ya'yan wasu, ita aka ɗauko a leda, aka yi mata tafiya a mota, aka ɗaura a ƙarƙashin nawa.

Malam Aƙilu ya dawo ranar Asabar da safe. Motar da ba ta zuwa ko'ina ma bai daina shimfiɗa mata takarda ba. Ya durƙusa ya jawo takardar ya same ta jiƙe sharkaf da mai. Ya ɗaga kai ya ga rami inda bawul yake. Ya kira wayar Ɗanasabe, tana gaban mota, in za su hau ba sa hawa da ita. Ya kira direba ba ta shiga. Ya hau babur, ko akwatinshi bai sauke ba.

Da hantsi ya iso hanyar Ƙarfi inda suke aikin. Tun daga nesa ya hango kwandon a sama da mutum a ciki. Ya miƙe tsaye a kan babur, ya cire hula yana kaɗawa yana ihu a sauke shi. Inji yana kuka ba mai ji. Ɗanasabe ya ce mani, "Inna, na gan shi. Na zaci gaisuwa ce. Na ɗaga mashi hannu."

Hannun nashi yana sama kwandon ya sako.

Mutane suka taru, kowa da niyyar alheri. Wasu suka kama hannu wasu suka kama ƙafa za su naɗe shi a bayan mota, wani yana cewa a kai shi wajen mai ɗori. Malam Aƙilu ya shiga tsakiya da sifana a hannu ya ce duk wanda ya ɗaga shi sai ya fasa mashi kai. Ya sa aka ciro ƙyauren wani shago, aka zura shi a kai a miƙe, ya riƙe mashi wuya da hannu biyu tun daga Ƙarfi har asibiti bai saki ba. Likita ya ce da an naɗe shi da gawa aka kawo. Ɗana yana da rai. Hannuwanshi suna aiki, bakinshi yana magana. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da yake ji.

A ranar Malam Aƙilu ya koma ya kwance bawul ɗin da hannunshi kafin a ja motar. Fetur bai kai cikin lungunan zaren ƙarfen ba, jan fentin yana nan a maƙale.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka sabon bawul ya iso. Aka sa wa motar Funtua, Zubair ya koma hawa. Ofis kuma ya rubuta takarda cewa Ɗanasabe ya cika kwando da kaya fiye da ƙa'ida, ya fizgi abin sarrafawa da garaje. Aka kawo wa Malam Aƙilu ya sa hannu a matsayin bakanike. Ya ce bai iya rubuta sunanshi a ƙarƙashin ƙarya ba. Sai aka karɓe makullin kayan aiki daga hannunshi aka ba shi bokiti da soso, ya koma wankin motoci. Mutum mai furfura. Ƙarshen shekara aka yi taro aka ba Alhaji Maiwada allon yabo, wai yadin Funtua ya yi shekara ba haɗari. Naja'atu ta nuna mani hoton a waya, yana riƙe da shi yana murmushi. Wanda ya sa aka yi shekarar ba haɗari yana waje yana wanke motocin waɗanda suka zo taron.

Takardar ofis ɗin nan tana nan har yau. Jikokina uku za su tashi a ce ubansu ne ya yi wa kanshi. A majalisar ƙofar gida na ji wani yana cewa, "Ai yaran yanzu garaje gare su." Ɗanasabe yana ɗaki yana ji.

Bayan wata biyar na je suna a Tsiga. Can na haɗu da Sakinatu, uwar Zubair, muna da 'yar dangantaka ta wajen iyaye mata. Ta kama hannuna tana jajantawa, kuma har ranta take yi, ban ce munafunci ba ne. Sai ta ce, "Mu dai, Yaya Tsohuwa, Allah ya ba mu Malam Aƙilu. Ba don shi ba da nawa ne."

Na ce, "Da naki ne."

Ta ce, "Wallahi kullum sai na sa shi a addu'a."

Na ce, "Ki ƙara da ta wanda ya karɓar maki."

Ta sake mani hannu. Da la'asar Zubair ya zo ɗaukar ta a babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, yaron kirki, ba abin da ya yi mani. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafa ya haye babur ɗin, ya buga da ƙafa ɗaya ya tashi. Ƙafar nan na bi da kallo har suka sha kwana. Aka kawo mani waina na kasa ci. Ban yi mashi mugun fata ba, Allah shaida. Amma na so a ce ni ce a bayan babur ɗin nan.

Washegari na hau mota na tafi Funtua don in zagi Malam Aƙilu. Haka ne, zagi ya kai ni. A raina shi ne mai wariya, ya tsare na gida ya bar na nesa. Na same shi ya naɗe ƙafar wando yana wanke wata farar mota.

Na ce, "Kai ne Aƙilun?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Na gane ki, mun haɗu a asibiti. Ga benci, rana ta yi."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. An ce kai ne gwani, kai ne mai zare. 'Ya'yan Funtua ne kaɗai 'ya'ya? Namu a gona aka tsinto su?"

Ya ajiye soso. Ya ce, "Faɗi duka, Inna."

Na faɗa. Ba abin da ban ce ba, direbobi suka taru suna kallo. Na ce ka san abin nan yana kisa, ka bar shi a jikin mota kamar mangwaro a bakin hanya. Na ce wa ke barin guba a tsakar gida ya ce ai ya shafa mata fenti?

Ya ce, "Haka ne. Ranar farko na ɗauki guduma zan farfasa shi. Sai na tuna takardar ta ce a mayar masu da tsohon, na ji tsoron in na fasa su ƙi aiko sabo. Da sai in kwance shi in kai gida in sa ƙarƙashin gado. Ban yi ba. Na zaci fenti ya isa. Na san mutanenmu, kuma na zaci fenti ya isa."

Na tsaya ina jira ya kawo uzuri in samu abin kamawa. Bai kawo ba. Wata biyar ina bin ofisoshi, kowa yana nuna mani wani, ga wanda laifinshi ya fi na kowa ƙanƙanta shi kaɗai ya ce nawa ne.  Na zauna a bencin.

Ya ce, "Kin karya kumallo kau?"

Na ce, "Ina ruwanka."

Ya aika aka kawo mani shayi. Na sha.

Tun daga satin kowace Juma'a sai ya zo Ƙarfi bayan masallaci. Ya haɗa wa Ɗanasabe wani ƙarfe a saman gado da bututun ruwa da sarƙar keke, wanda zai kama ya ɗaga jikinshi ya juya ba sai an tayar da Naja'atu ba. Kafin ya bari ɗana ya taɓa, shi ya fara rataya da dukan nauyinshi yana reto kamar yaro, har jikokina suka fashe da dariya. Yana aske mashi kai. Suna gardamar ƙwallo, abin da ban gane ba. Ranar Juma'a ce kaɗai nake jin dariyar ɗana daga tsakar gida. To ko nan ma sai kishi ya taso mani, ni da na haife shi na kasa sa shi dariya.

Malam Aƙilu, yanzu da kai nake. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, kuma na bincika, ba wanda ya shirya maka ko lemo. To ga tawa walimar, ta tsohuwa mai baƙin rai.

Kai ne ka ce a'a ga mai ba ka abinci, sau biyu, kana da iyali. Kai ne ka je Malumfashi ka kwanta cikin ƙasa don 'ya'yan da ba a ba ka amanarsu ba, abin da na mance da shi ranar da na zo zaginka. Kai ne ka riƙe wuyan ɗana har hannuwanka suka sandare. Gwani mai jin kukan ƙarfe tun bai fito ba, da ka sa hannu a takardar nan da yanzu kana zaune a inuwa da makullinka, ka zaɓi bokiti. Ina kishin uwar da ta haife ka, Allah ya jiƙanta. Ina kishin Sakinatu da duk matan da 'ya'yansu suka hau kwandon da ka duba suka sauko da ƙafafunsu, ba su ma san sunanka ba wasunsu. Da an ba yadin Malumfashi irinka da ba a rubuta wannan takarda ba. Na gode. Na yafe maka fentin. Kai ma ka yafe mani bakina, ko da yake ban janye duka ba.

Ku kuma bakanikai, na Funtua, na Malumfashi, na Bakori, na kowane bakin titi, ku koya daga gare shi, har da inda ya yi kuskure, shi ya ce in faɗa. In maƙeri ya ce kayana ba su da kyau, ku yarda, ya fi ku sanin abin da ya zuba a ciki. In kun cire abin da aka ce yana kisa kada ku bar shi inda hannu zai kai. In an kawo maku ƙarfe a leda an ce ku ɗaura, ku tambaya daga ina. Kai ma bakaniken da aka kira ranar Alhamis ɗin nan, na san kana nan, na san ka ga jan fenti kafin a goge. Ba na nemanka da sharri. Ka zo ka faɗi wanda ya kira ka.

Alhaji Maiwada, na dawo kanka. An ce mani kana jira watan ya ƙare, tsohon ya tafi ƙauyensu, maganar ta bi shi. Ba za ta bi shi ba. Ranar da zai miƙa bokitinka, da safe, zan zo ƙofar yadin Funtua. Na riga na yi magana da mai a-kori-kura, za a shimfiɗa katifa a baya a kwantar da Ɗanasabe, shi ya ce a zo da shi. Malam Aƙilu zai tsaya ya faɗi abin da ya sani, Ummaru ya ce shi ma ya gaji da haɗiyewa. Sakinatu ta aiko cewa za ta zo ta zauna kusa da ni, na ce ta zo, ban yi alkawarin zan yi mata fara'a ba.

Ba roƙo zan zo yi ba. Ka fito daga ofis ɗinka, ka tako har bayan motar, ka dubi ɗana a ido ka ce mashi shi ya kada kanshi. In ba za ka iya ba, ka kawo takardar nan ka soke ta a gaban jama'a, ka faɗi da bakinka wa ya ce a kwance bawul ɗin, wa ya ce a goge fentin. Masu kamfanin da suke can sama su ma su ji, in ba su sani ba yau sun sani, in sun sani su aiko wanda zai amsa tare da kai. Zan zo da tabarmata da butata. Motocinka ta ƙofar nan suke fita, kuma a bakinta zan zauna har sai ka amsa.